Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Fadar Damagaram da hukumomin Zinder kan ɗaukar hoton Birni

Zuwa ga Mai Martaba Sultan na Damagaram da ƴan majalisarsa, da hukumar birnin Zinder, da ma'aikatar al'adu ta jiha.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa da ban girma, masu wannan takarda ƴan gari ne da sana'a ta haɗa su da bangayen Birni, tsohuwar unguwar Zinder inda fada take: masu ɗaukar hoto, da masu rakiyar baƙi, da magina. Roƙonmu shi ne a kafa kundin hotunan Birni wanda zai zauna a nan Damagaram, a riƙa sabunta shi sau biyu a shekara, sannan a rubuta ƙa'idar ɗaukar hoto a kafa ta inda baƙo zai gani tun kafin ya ɗaga kamara.

Ranka ya daɗe, Birni ba ta rasa masu ɗaukarta ba. Duk baƙon da ya sauka, daga Yamai ne ko Kano ko ƙetare, sai ya tsaya ƙofar fada, ya ɗauki dogarai cikin jajayen riguna, ya kutsa lungu ya ɗauki fuskar gida mai zane. Amma ƙawa yake nema, kuma hoton da shi zai tafi. Ranar da damina ta cinye fuskar wannan gida, maginin da aka kira ba zai san inda hoton yake ba. In ma ya ci karo da shi a Facebook, ba zai gaya masa faɗin dagin da ke saman ƙofa ba, ko kaurin zanen, ko shekarar da tsagewar ta fara. Tun 2006 Nijar ta sa tsohon garin Zinder, wato Birni da masarauta, cikin jerin share fage na wuraren tarihi na UNESCO. Agadas ta shiga cikakken jerin a 2013. Takardun da ake nema kafin a haura wannan mataki suna buƙatar taswira da hotuna da shaidar cewa ana bibiyar lafiyar gine-ginen shekara da shekara, kuma hoton yawon buɗe ido ba ya cike wannan gurbi.

Ga yadda aikin yake, don a ga ba abu ne mai tsada ba.

Da fari a zaga da Sarkin Magina da masu unguwa, a ba kowane gida mai zane lamba, haka ma kowane guntun ganuwar da ya rage daga wadda aka gina zamanin Sarki Tanimun, da fada, da tsofaffin masallatai, da gidajen fatake na Zango. Ba a sa wa gida lamba sai maigida ya yarda. Kowane gini a zaɓa masa wurin tsayawa guda, daura da tsakiyar fuskarsa. A auna nisan wurin daga kusurwoyi biyu na bangon da igiyar awo, a rubuta a littafi, don wanda zai zo baɗi ya tsaya daidai inda na bana ya tsaya. Kamara ta hau ƙafa-uku, wato matokarin da ake ɗora ta a kai, a tsayin mita 1 da rabi. A jingina sanda mai tsawon mita 2 a jikin bango, an shafa mata ja da fari kowane santimita 50. Wannan sanda ita ce ke mayar da hoto ma'auni. In an matso kusa don ɗaukar zane ko tsagewa, a sa ƙaramar rula mai santimita 10 a gefe. A hoton farko na kowane gida a riƙe kwali mai launin toka, domin kamara tana yi wa jan ƙasa ƙarya: da hantsi ta ba shi ruwan goro, da la'asar sakaliya ta mayar da shi kamar garwashi, kuma da wannan kwalin ake daidaita launin daga baya.

Hoto kamar 20 ya ishi gida guda. Ɗaya na lungun gaba ɗaya, ɗaya na fuskar tsaye, biyu daga gefe da gefe, sai ƙofar zaure, da zankwaye, da rawanin gini. Sauran duk su tafi wuraren da baƙo ba ya kallo, alhali nan ne gini yake mutuwa. Kowane indararo a ɗauke shi tare da bangon da ke ƙarƙashinsa, don in ya tsage ko ya gajarta ruwa kan bi jikin bangon ya haƙa kwari a damina guda. Gindin bango, kamar santimita 50 daga ƙasa, a bi shi tun daga wannan kusurwa har waccan, saboda tsartuwar ruwa da danshi mai gishiri daga nan suke fara ci, bangon ya rame ta ƙasa yana nan da ƙibarsa ta sama. Bakin azara inda ya shiga bango a duba shi don gara. Bangon da ke kallon gabas ya fi buƙatar ido, tunda hadarinmu daga gabas yake tasowa, iska na watsa ruwan a jikinsa. Sai kuma duk inda aka yi yaɓen siminti a kan ƙasa. Siminti yana rufe wa bango numfashi, danshi ya taru a bayansa, wata rana ya ɓamɓaro faifai guda ya tafi da zanen da ke ƙasa. Makuba da laso, yaɓenmu na gargajiya, ba su yin haka, amma wanda bai ga hoton gida ɗaya na shekara uku a jere ba da wuya ya yarda.

Tsagewa kuwa, ba kowace ce ke tayar da hankali ba. Wadda ta tsaya yadda take daga hoton Mayu zuwa na Oktoba ta yaɓe ce. Wadda rula ta nuna ta ƙara faɗi, ko ta miƙe ta nufi kusurwa, a kira magini tun kafin wata damina. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Birni ruwa ne ke riga ƙadangaren.

Lokacin ɗauka biyu muke ba da shawara. Watan Mayu, kafin ruwa ya sauka, lokacin da masu hali suke gyaran yaɓe. Sai ƙarshen Oktoba, ruwa ya ɗauke, sama ta wanku, hazo bai kankama ba. Bambancin hotunan nan biyu shi ne abin da daminar shekarar ta ci.

Maganar haske ta fi kowace tsawo, don a nan masu rakiya da baƙi suka fi yin kuskure. Abin da kowa ya haddace shi ne a ɗauki hoto da safe ko da yamma. Ga zanen bango wannan rabin gaskiya ne. Zanen Birni tudu ne da kwari a jikin yaɓe, inuwa ce ke fito da shi, kuma inuwar ba ta samuwa sai rana ta shafi bangon a kaikaice. Bangon da ke kallon gabas, da sassafe rana gaba da gaba take dukansa: launi ya yi kyau, zanen ya kwanta ya zama shafe. Sai wajen ƙarfe 10 da rabi zuwa 11 da rabi, da rana ta ɗaga tana gogarsa daga sama, kowane layi zai tashi. Na yamma akasin haka ne, daga ƙarfe 1 da rabi zuwa 2 da rabi. Zinder tana kusan digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga Oktoba zuwa Fabrairu rana ta kudu take bi, bangon kudu yana samun haske a kaikaice da hantsi da kuma bayan la'asar. Bangon arewa a waɗannan watanni ba ya ganin rana ko kaɗan. Shi sai tsakanin ƙarshen Maris da ƙarshen Satumba, safe da yamma, kuma ya fi kyau daga Mayu zuwa Yuli. Baƙon da ya zo a Disamba yana son zanen da ke bangon arewa, gara a gaya masa gaskiya, ya ɗauka a inuwa ya haƙura. Da za a rubuta wa kowane gida mai lamba inda fuskarsa ke kallo da sa'ar da ta dace da shi, a ba masu rakiya a takarda guda, da an tsara zagayen Birni bisa tafiyar rana maimakon bisa gajartar hanya.

Ƙuncin lungu wata matsala ce. Mutum ya tsaya mita 3 daga bango mai tsayi, ya ɗaga kan salula sama don zankwaye su shiga, sai ginin ya fito kamar zai faɗi ta baya, zankwayen suna karkata suna neman haɗuwa. In ya danna 0.5 don ya faɗaɗa, abin ya ƙara lalacewa, gefuna su miƙe kamar roba. Maganinsa a kunna layukan da ke raba fuskar salula, a riƙe ta tsaye cak, a ja baya iyakar iko, ko da za a nemi izinin tsayawa cikin zauren da ke daura. In duk da haka bai shiga ba, a ɗauke shi gunduwa-gunduwa: a taka gefe taki guda, a ɗauka, a sake takawa, kowane hoto ya maimaita kamar kashi 60 cikin 100 na wanda ya gabace shi. Kada a tsaya wuri ɗaya ana juya jiki. Kwamfuta tana iya ɗinke na mai takawa ya zama fuska guda mai awo, har ta fitar da siffar bangon da tudunsa da kwarinsa. Na mai juyawa sai ya fito a lanƙwashe.

Hunturu lokacin baƙi ne, kuma lokacin mutuwar kamara ne. Ƙurar buji tana da yashi a ciki. Wanda ya goge idon kamara da bakin riga ya karce shi, kuma ba ya gyaruwa. A fara hure ƙurar da ɗan famfon roba, sannan a shafa da ƙyalle mai laushi. Kada a cire idon kamara a fili. A shiga mota ko zaure, a kifa bakin kamarar ƙasa. Hazo yana kashe hoton nesa, wanda ya hau dutse don ya ɗauki rufin Birni a Janairu toka zai samu, amma yana tausasa inuwa, hoton ƙofa da na fuskar mutum su yi kyau. A bazara kuwa zafi ne abokin gaba. Yawancin kamarori an ƙera su su yi aiki zuwa digiri 40, salula da yawa zuwa 35, ga shi Afrilu da Mayu a nan suna haura 40. Na'urar da aka bari a rana kan ƙafa-uku za ta kashe kanta ana tsakiyar aiki. Farin ƙyalle a kanta da batir biyu a aljihu sun wadatar.

Allah ya taimaki Sarki, ɗaukar hoton ita ce mai sauƙi. Ajiyarsa ce ke kayar da mutane. Hoton da aka tura ta WhatsApp yadda aka saba, an matse shi, an cire masa kwanan wata da alamar wurin da aka ɗauke shi. Don haka hoton kundi ba ya bin wannan hanya sai dai a tura shi a matsayin takarda, ko a kwafe shi ta waya zuwa kwamfuta. A ajiye ɗanyen hoto, wanda a jikin kamara aka rubuta masa RAW, tare da matsattsen. Sunan kowane hoto ya ƙunshi lambar gida, da inda bangon ke kallo, da shekara da wata da rana. Lissafin ba shi da ban tsoro. A ce gida 100, hoto 20 kowanne, sau biyu a shekara, hoto 4,000 ke nan. Ɗanyen hoto na kamara mai megafiksel 24 yana kai megabait 30, jimla gigabait 120 a shekara. Faifan ajiya mai terabait guda zai ɗauki aikin shekara takwas. Sai dai faifai guda ba ajiya ba ne, faɗuwa ɗaya daga kan tebur ko wutar da ta dawo da ƙarfi ta isa ta tafi da shi. A yi kwafi uku a gine-gine uku: fada, da gidan tarihi na jiha, da Jami'ar André Salifou, wadda ke ɗauke da sunan malamin da ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19. A gwada buɗe kowane faifai sau ɗaya a shekara, a sauya shi bayan shekara biyar ko da bai nuna ciwo ba. Hoton fuskar kowane gida kuma a wanke shi a takarda, a ba maigida ɗaya. Takarda ba ta jiran wuta, kuma maigidan da aka ba hoton gidansa shi ne zai buɗe ƙofa baɗi.

Akwai tsofaffin hotuna da ya kamata a nemo kwafinsu. Bayan kashe sojan Faransa Kyaftin Cazemajou a 1898 da shigowar Faransawa a 1899, tawagar Faransawa ta Foureau da Lamy ta sauka Zinder a ƙarshen 1899, ta bar hotuna. Daga 1911 zuwa 1926, kafin a mayar da mulki Yamai, nan ce hedikwatar Nijar, an kuma buga katunan gidan waya masu hoton gari. Ma'ajiyar takardun mulkin mallaka da ke Aix-en-Provence a Faransa da ma'ajiyar ƙasa da ke Yamai su ne wuraren fara tambaya, kuma wasiƙar hukuma ta fi ta mutum ɗaya nauyi. A nan Allah ya yi wa Zinder baiwar da garuruwan ƙasa da yawa ba su samu ba: duwatsu. Bango yana rushewa, itace yana mutuwa, amma dutsen da ke bayan hoton shekara 120 yana nan da tsagarsa. Mai ɗauka ya riƙe tsohon hoton a hannu, ya yi ta matsawa har dutse na gaba ya rufe na baya daidai yadda ya rufe shi a takarda. Ya tsaya inda na farko ya tsaya ke nan. In ya ɗauka daga nan, za a ga tsayin ganuwa na da, da inda ƙofa take, da abin da aka gina a kanta. Haka ma hotunan da ke cikin akwatunan tsofaffin gidajen hoto na gari da na iyalai: a are su, a kwafa, a mayar wa masu su a ranar.

Cikin fada da gidan tarihi ƙa'idarsu daban. Soro mai daurin guga duhu ne da shi, ƙofa kuma tana zubo haske mai ƙarfi, sai hoto ya fito ƙofar ta ƙone fari fat, bakan gizon ya nutse cikin baƙi. Filasha ba ta gyara wannan, gaban kawai take haskawa ta kashe zurfin ɗakin. A kafa ƙafa-uku, a sa ISO, wato ƙarfin jin hasken kamara, a 100 ko 200, a saita buɗewar idonta a f/8, a bar kamara ta sha haske daƙiƙa biyu ko huɗu, a ɗauki uku, mai duhu da matsakaici da mai haske, a haɗa su daga baya. Kayan da ke cikin gilashi, a manna idon kamara a jikin gilashin, ko a rufa baƙin ƙyalle a kai, in ba haka ba mutum hoton kansa da na taga zai ɗauka. Muna goyon bayan hana filasha kan tufafi da fatu da rubutun hannu. Haske yana cin rini da tawada a hankali, abin da ya ci kuma ba ya dawowa, shi ya sa gidajen tarihi suke riƙe irin waɗannan kaya a hasken da bai wuce lukus 50 ba, wato kamar ɗaki da magariba. Takardar ajami ko ta Larabci a shimfiɗa ta a inuwa kusa da ƙofa, kamara tana kallonta daga sama tsaye, kada a danne ta da gilashi in ta riga ta bushe tana karyewa.

Sai ƙa'idar baƙi. Allo guda a ƙofar fada, wani a mashigar Birni, da Hausa a boko da ajami, da Faransanci. Ya faɗi abin da kowane ɗan gari ya sani amma baƙo bai sani ba. Zaure shi ne iyaka. Ba a leƙa kamara ta saman katanga, ba a ɗaukar mace sai ta yarda da bakinta, ba a ɗaukar yaro sai da babba. Ba a ɗaukar masu salla, ba a shiga maƙabarta. Ba a jingina da bango mai zane ko a dafa shi don hoto, yaɓe yana ɓarɓashi a hannu. Ba a raba wa yara dala-dala don su tsaya, saboda yaron da ya koyi haka ya bar makaranta ya tsare lungu. Allon ya faɗi ƙarara cewa soja da jandarma da ƴan sanda da gine-ginensu ba a ɗaukarsu, ya kuma bayyana matsayin tsohon sansanin Faransawa da ke kan dutse, ko an yarda a ɗauke shi daga nesa ko ba a yarda ba, don shi ne abin da idon baƙo ke fara faɗawa a kai. Ɗan jirgin hoto maras matuƙi kuma, ban da izinin hukumar tsaro, sai da na fada, domin daga sama tsakar gidan kowa a buɗe take.

Kuɗi a raba shi mataki uku: mai salula, da mai babbar kamara, da mai ɗauka don sayarwa ko fim. Ɗaliban makaranta da ƴan gari kyauta. A rubuta farashi a allon, a ba da takardar biya mai lamba, a ware kaso sananne don yaɓe da indararo na gidajen da ake ɗauka, tunda maigida ne ke ɗaukar nauyin abin da baƙo ya zo kallo. Mai ɗauka don sayarwa a sa masa sharaɗi guda a takardar izininsa: ya bar kwafin hotunan gine-ginen, cikakku ba matsattsu ba, kafin ya bar gari. Haƙƙin hoton nasa ne, kundin dai ya sami kwafi.

Ranar hawan salla a ware wa masu kamara wuri a gefen filin fada, mai ɗan tudu, da igiya a gabansa, rana tana bayansu ko a gefensu. Mai kallo ta idon kamara ba ya gane kusancin doki, kuma dokin da ya zo jafi a guje ba ya tsayawa don wani ya tsuguna a gabansa. Daga gefe, da saurin ƙiftawar kamara 1/1000 na daƙiƙa, doki da ƙura da rawani duk za su tsaya cak, ba sai an shiga fili ba. A hana filasha a fuskar doki. Hawan ƙaho ma haka, sa ya fi doki rashin tabbas.

Abin da aikin ke buƙata don a fara: kamara guda, ƙafa-uku, sandar awo biyu, igiyar awo, littafi, faifan ajiya uku, da mutum uku, wato mai ɗauka da mai rubutu da magini. Gida 8 zuwa 10 a rana suna yiwuwa in an bi rana yadda muka faɗa, gida 100 ke nan cikin mako biyu. Masu wannan takarda za su kawo kamara da hannu. Abin da ba za mu iya kawowa ba shi ne umarnin fada ga masu unguwa, da takardar hukuma da mai ɗauka zai nuna in an tsayar da shi, da ɗakin da za a ajiye faifan. In an samu waɗannan kafin ƙarshen Afrilu, za a fara da bangayen gabas a Mayu.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.

Daga wasu masu ɗaukar hoto, da masu rakiyar baƙi, da magina na Birni da Zango, Damagaram.